Ire-iren Masu Yi wa Farce Zanen Damisa

Zanen damisa a farce ado ne da ya shigo gidajen Sabon Birni da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo ta wayar hannu, ya tarar lalle ya daɗe da zama. A baki ba shi da wuya: a shimfiɗa launi mai haske, a ɗiɗɗiga tabo, sannan a kewaye kowane tabo da baƙin layi ba tare da an haɗe bakinsa ba. Kayan aiki tsinken sakace ne ko na tsintsiya, sai kwalbar jan farce ko kwaɓin lalle. Jan farce rufe farce yake yi, ruwan alwala ba ya ratsa shi, amma ana goge shi. Lalle kuwa rini ne mai shiga cikin farcen, ba ya hana alwala, kuma ba ya fita. A fata yakan koɗe cikin mako 2 zuwa 3, amma a farce sai an jira tsiro, alhali farcen hannu kimanin milimita 3 kawai yake tsirowa a wata. Kuskuren da aka yi a jajiberin ƙaramar sallah da shi ake zuwa idin babbar sallah. A kan wannan ne masu yin suka rabu gida-gida.

Mafi yawa ita ce ɗalibar waya. Ta kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok, ta jingine wayar a jikin turmi, ta ce ai wannan ba wani abu ba ne. Abin da bidiyon bai faɗa mata ba shi ne tabon damisa ba ya son daidaito. Ita kuwa sai ta jera ɗigo ƙanana a tsare, masu girma ɗaya, ta tashi da zabuwa. Idan aka yi mata magana takan ce dama zabuwar ta nufa.

Kusa da ita akwai mai hannu ɗaya. Damarta ta yi wa hagu aiki na gani na faɗa, amma da hagu ta karɓi tsinke sai abu ya dagule. Ana gane ta a gidan biki: hagu ke riƙe jaka, hagu ke gyara ɗankwali, dama na cikin mayafi sai lokacin gaisuwa.

Mai gaggawa ba ta da dogon bayani. Lalle na son sa'o'i kafin ya kama, ita kuwa tana ɗaga gefen leda duk bayan minti 10 ta leƙa, har ta tashi da ruwan goro mai dishi-dishi, ta ɗora laifin a kan mai sayar da garin.

Mai jan farce ta fi kowa samun kyakkyawar damisa, domin launuka ba sa cakuɗa mata, amma adonta na da wa'adi. Sai lokacin da take fashin sallah take yi, don haka farcenta sanarwa ce ga duk matan gidan, ko da ba wanda zai ce uffan. Ranar wanka kuma a nemi maganin gogewa a rasa, a koma kankara da reza.

Mai dayis ita ce wadda jan lalle bai ishe ta ba, sai ta kwaɓa baƙin rinin gashi ta zana da'irar da shi. Baƙin yana fita raɗau cikin ɗan lokaci. Sai dai irin wannan rini yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, har fata ta tashi ta yi ruwa. Tana sane, amma amsarta guda ce: ita bai taɓa yi mata ba.

Sai Gwaggo, mai zunguru. A wajenta ƙunshi shi ne a daka ganye, a tankaɗe, a kwaɓa, a cusa hannu cikin zunguru a kwana, a tashi da ja har wuyan hannu. Idan ta ga farce dabbare-dabbare sai ta kama hannun ta juya, ta ce, "Ke 'yar nan, ciwo ne ko ado?" Duk da haka ita ce kaɗai ta san kwaɓin da ke kamawa, kuma wajenta ake komawa a ɓoye a ce, "Gwaggo, ɗan taɓa mana mu ji ko ya yi kauri."

Akwai wadda ba zanen ne ya dame ta ba, hutun take so. Da zarar an gama mata yatsu goma ta zama sarauniya: "Ke, juya miyar nan. Kai, zo ka sosa mini baya." Takan zaɓi daidai lokacin ɗora tukunya, kuma lallenta ya fi na kowa jinkirin bushewa.

'Yar "Yaya, ɗiga mini ko ɗaya ne" ba ta sayen gari, ba ta kwaɓi, amma ba a taɓa buɗe ƙunshi ba ta nan ba. Daga ɗan yatsa ɗaya take farawa, ta ƙare da ƙafafu biyu.

Maigida ba ya cikin masu yi, amma yana cikin waɗanda abin ke shafa, tunda a ranar tuwo sai bayan isha'i. Idan aka miƙo masa hannu aka ce, "Ka ga abin da aka zana?" wanda ya daɗe da aure cewa yake yi "Masha Allah" ya ja bakinsa ya yi shiru. Sabon ango ne ke ƙoƙarin cankar sunan dabbar.