Motar da Ta Koma Kicin

Tun da aka sauke injin motata aka yi masa garambawul, sai ta tsiro da shan ruwa. In cika lagireto da safe, kafin la'asar ta shanye, kuma ko ɗigo babu a ƙasa. Har mai fiya wata na bakin layinmu ya fara kirana "ranka ya daɗe".

Shawara kuwa kyauta ce a garin nan. Maƙwabcina ya rantse farin ƙwai na toshe kowace ɓula. Wani direban tasha ya ce garin barkono ya fi. Don kada in ɓata wa kowa rai, na zuba duka biyun. Ina tsaye a danja inji ya ɗau zafi, ƙamshi ya tashi, wani mai adaidaita ya leƙo ya ce, "Malam, da burodi ko babu?" Uwargida ta ce saura albasa.

Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa. Ya buɗe murfin lagireto, ya shinshina, ya yi atishawa, ya dube ni bai ce komai ba. Ya zaro sandar baƙin mai: bai yi fari ba. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi. "To ruwan ba ciki yake shiga ba, waje yake fita," in ji shi. "Alminiyam irin na injin nan idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sai inji ya gasu kafar take buɗewa, ruwan ya zubo kan zafi ya bi iska."

Ya ɗaura famfo a bakin lagireto, ya buga iska zuwa wajen bar 1, daidai abin da murfin ke riƙewa. Allurar awon famfon ta fara sauka a hankali. Ya zura ɗan madubi da tocila ta bayan inji, sai ga wani farin layi ya bushe a ƙasan gasket. Da ya sa sifana a notin kan silinda na wurin, sai ya juya salin-alin. Zaren cikin bulok ɗin ya cinye. Ashe yaron garejin da aka yi garambawul ɗin bututu ya zura wa sifana, ya hau da ƙafa.

Baba ya huda ramin, ya yanka sabon zare, ya dasa hannun riga na ƙarfe, ya sa sabon gasket. Ya ɗaure notunan da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe. Ya zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ya ce ruwa zalla cin alminiyam yake yi. A takardar kuɗi ya ware layi guda: wanke-wanke.

Maƙwabcina kuwa har yau yana gaya wa majalisa ƙwansa ne ya yi aikin, jinkirin nuna kawai ya yi.