Ranar da Aka Fara Ce Mini Baba a Tashar Jega

A tashar motar Jega abin ya same ni. Maiyama zan je ɗaurin aure, na sha shadda mai maiƙo, hula ta sha kari, ina ji a raina ko Sarkin Samari aka naɗa ni ba a yi ɓarnar rawani ba. Sai ɗan kamasho ya ɗaga murya: "Baba, taho ka shiga gaba, baya da matsi!" Na waiwaya don in gaida dattijon da ake girmamawa haka. Babu kowa a bayana sai wata akuya tana cin kwali.

Na ce, "Kai, da wa kake?"

Ya ce, "Da kai nika yi, Baba."

Don in nuna masa kuskurensa na shige baya, mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun albasa yana tokare mini ƙeya har Maiyama. Da muka isa sai da aka kama hannuna na fito, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Amma dai mutuncina na nan.

Abin mamaki, mu mutanen wannan yanki ba matsoratan sabon abu ba ne. Manomin Aliero da kakansa ya yi ban-ruwa da guga ya rungumi injin fetur, da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wasu suka mayar da injin kan tukunyar gas, wasu suka kafa sola a tsakiyar fadama. Yana tsugune a gona yake jin farashin albasa na Legas da Anaca ta waya. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar 2023, har mai fura ta koyi cewa "ban ga alat ba". Da aka kafa jami'a a Aliero a 2006, garin albasa ya iya ba ɗalibai hayar ɗaki cikin ɗan lokaci, kamar gadonsa ne. Duk wannan mun haɗiye ba ruwa. Sauyi ɗaya ne ya tsaya mana a maƙogwaro: wanda ke fitowa fari fat a gemu.

Ina da aboki, ma'aikacin gwamnati, ba zan faɗi ma'aikatarsa ba don muna cin tuwo tare. A takardar rantsuwar shekarunsa an haife shi a 1976. To amma a bar shi ya sha shayi ya saki jiki a majalisa, sai ka ji yana ba da labarin yadda aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da yadda aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, har da abin da ya sayo da kwabonsa na farko. Ranar da aka cire Kebbi daga Sakkwato, 27 ga Agustan 1991, ya ce shi da uwargida da yara biyu suka yi murna. Na ƙirga da yatsu na ce, "Malam, ashe kana ɗan shekara goma sha biyar kana da 'ya'ya biyu?" Ya ce in bar lissafi, lissafi na 'yan boko ne. Dokar aiki ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, sai ritaya. Shi kuwa ya mai da sittin ɗin kamar sararin sama, kullum ana tafiya ba a isowa. Yanzu da BVN da NIN suka zo suka daddatse shekaru wuri guda, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya girme shi da shekara huɗu a kwamfuta.

Sai 'yan rini. Ranar Alhamis gemu kamar audugar da aka shanya, ranar Juma'a a masallaci baƙi wuluk har yana ƙyalli. Matsalar ita ce zafin ƙasarmu ba ya rufa wa kowa asiri. Na taɓa ganin wani a sahu, zufa ta kwaso rinin ta gangaro da shi kan farar riga, ya zama kamar an rubuta masa laya a wuya. Da aka sallame ba wanda ya ce uffan. Mu ma duk da namu a aljihu.

Mata kuwa ba zan shiga gonarsu da nisa ba, ina son tuwon dare. Zan dai ce na san gidan da jika bai isa ya ce Kaka ba, sai dai Anti.

Kowane ɗan Aliero ya san albasar da aka zuba a rudu ana jiran ta yi tsada. In ka yi sa'a ka sayi babur, har ka ƙara aure. In ka wuce lokaci, ta sama tana nan jawur tana yi maka murmushi, ta ƙasa ta zama ruwa. Mun san wannan sarai a kan albasa, kanmu ne dai muka zuba a rudu muna jiran kasuwar samartaka ta dawo.

Ni tawa kasuwar a filin ƙwallo ta watse. Yaran unguwa suna bugawa, na ce bari in nuna musu yadda ake yi a da. Taku uku na yi. Sai ga ni a bayan mota an nufi Aliero da ni, domin garin ya shahara da ɗori kamar yadda ya shahara da albasa. Mai ɗorin, wani dattijo marar yawan magana, ya shafa idon sawun ya ce, "Shekarunka nawa?"

Na ce, "Arba'in da 'yan kai."

Ya ƙara latsawa, na yi ƙarar da ban san ina da ita ba. Ya ce, "To, ƙashin ga dai ya girme ka. Shi ba ya zuwa kotu rantsuwa."

Wata biyu ina dogara sanda, kuma a nan na gano abin da na daɗe ina yi wa kaina asararsa. Yara suna karɓar mini kaya. A wurin walima ana miƙo mini tsoka ba ƙashi ba. In na yi magana, ko shirme ce, sai a ce "gaskiyar Baba". Na watsar da rinin, na bar gemu ya yi abin da ya ga dama.

Makon jiya na koma tashar Jega, ban jira kiran kowa ba na buɗe gaba na harɗe. Direba na shirin tayar da mota sai ga wani tsoho tukuf, ana riƙe da shi. Ɗan kamashon nan dai, shi ɗin dai, ya leƙo ta taga ya dube ni ya ce, "Haba samari, tashi mana ka ba Baba wuri."

Na koma baya, mu huɗu, buhun albasa a ƙeya. Har muka wuce gadar Jega bakina bai rufu ba.