Su Wa da Wa a Layin Abincin Kyauta?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, tukunyar ɗalibin jami'a ta fara koyon zaman kashe wando. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, kwanon gari ya bi kuɗin mota, zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da bakinta ta ce tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Su dai ɗalibai suna da nasu lissafin tun da daɗewa: 1-0-1, wato a karya, a tsallake rana, a ci na dare, sai 0-1-0, sai kuma 0-0-1 ga wanda ya yi nisa a fannin. Shi ya sa duk inda aka ji ana rabon abinci a harabar jami'a, buɗa-bakin azumi ne a masallaci, ko tsofaffin ɗalibai ne suka waiwayo, ko wani mai hannu da shuni ne ke neman lada ko ƙuri'a, kafin a gama sauke kuloli daga mota layi ya miƙe. Wanda ke son sanin halin 'yan boko, ya bar ɗakin lacca ya zo nan.

Na gaba kullum Sarkin Layi ne. Tambaye shi yaushe za a yi jarrabawar kwas ɗinsa, sai ya ce bari ya duba. Tambaye shi ina ake rabo yau, zai ba ka wuri da lokaci da abin da aka dafa, har da gargaɗin cewa miyar can ba ta da mai. A aljihun gaban rigarsa, inda jama'a ke maƙala biro, shi cokali ne. Da azumi, ƙarfe biyar na yamma ta yi masa a sahun farko, yana jan carbi, ido ɗaya na kan bokitin kunu. Ba ya raina taro: walimar sauka, ƙaddamar da littafi, taron ƙungiyar ɗaliban wata ƙaramar hukuma da ko a taswira bai san inda take ba. In aka tambaye shi ɗan wace unguwa ne, sai ya ce, "Ai mahaifiyata 'yar can ce." Idan aka bi ta bakinsa, baiwar Allah nan an haife ta a jihohi bakwai.

Bayansa akwai Mai Jiran Alat. Tun da asusun bashin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024, da alkawarin naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, wannan bawan Allah ya zama attajirin gobe. Mai shayi na bin sa, mai awara na bin sa, kowa amsa ɗaya yake samu: da ta shigo. Ko a layi wayarsa na hannu, da ta yi ƙara ya zabura, ya duba, ashe kamfanin waya ne ke tallar data.

Sai Babban Yaro, wanda shi ba a layi yake ba, wucewa yake yi. Shadda ta sha guga, turare na tashi, makullin mota na lilo a yatsa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin motar. Zai gifta ta gefen layi da waya a kunne yana cewa, "A'a, ka tura ta ɗaya asusun." Ya kai ƙarshen baranda ya juyo. A gilmawa ta uku sai ya tsaya, ya yi mamaki: "Wai me ake yi a nan ne?" In an gaya masa, sai ya jinjina kai ya ce abu ya yi kyau, a riƙa taimaka wa yaran nan. Can bayan bishiyar darbejiya kuwa, wani ɗan aji ɗaya na tafe da roba biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta Yaya. Takwarar Babban Yaro a ɓangaren mata ta fi shi dabara. Cutar korona ta zo a 2020 ta wuce, amma takunkumin fuska ya samu aikin dindindin: ranar rabo kaɗai take tunawa tana mura.

Mai Sharhi kuwa ba ya ɓuya. Da an miƙa masa zai buɗe murfin a gaban kowa, ya auna a tafin hannu, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na jiya ya fi wannan. Shinkafar 'yar gida ce, wake bai nuna ba, naman kuma da reza aka yanka shi. Duk wannan bayani da cikakken baki yake yin sa. Yana gamawa ya lashe cokali, ya leƙa kular ya ce, "In akwai saura a ƙaro, kada a yi asara."

Akwai kuma Ɗan Kwamiti, mai kati rataye a wuya. A yi adalci, galibinsu yara ne da suka bar karatunsu suka kwana yankan albasa, kuma sau da yawa su ne ke tashi da ƙanzo. Amma a kowane kwamiti ba a rasa guda wanda ludayinsa ke gane fuska. Gardi ya miƙo roba, ludayi ya shafi sama-sama. Wata 'yar ajinsu ta ce "Sannu da aiki," sai ludayi ya nutse har gindin kula ya fito da tsoka biyu.

Duk waɗannan masu sauƙi ne in an gwada su da Mai Kyamara, yaron Honorabul. Da shi ake zuwa da ƙyallen da ya fi tukunyar girma, hoton maigida na murmushi a jiki. Ba a ci sai an ɗauka. A ɗaga roba sama. A yi dariya. Wancan na baya fuskarsa ba ta nuna godiya ba, a sake. A juyo da tambarin. Kafin ya samu hoton da zai hau Facebook, man ja ya daskare a kan garau-garau. Ni dai a ganina, abincin da sai an nuna wa duniya fuskar mai cinsa ba kyauta ba ne, saye ne, kuma da tsada.

Wannan ne ma ke tayar da Kwamared. Jar hula a ka, jaka a rataye, zai hau dakali ya sanar da jama'a cewa wannan cin mutunci ne, haƙƙinsu ne aka mayar sadaka. Ya san tarihi, ba laifi. Zai tuna musu Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya tayar da zanga-zangar "Ali Must Go" kan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Segun Okeowo ne ya ja ragamar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Samarun Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyar. "Kwabo hamsin!" in ji Kwamared. "Ku kuma an saye ku da shinkafa da wake!" Jama'a su yi tafi. Ya sauko, ya gyara hula, ya kutsa gaban layi, ya ce zai karɓa amma bisa ƙin amincewa.

In an yi rashin sa'a, a cikin baƙin da suka kawo abincin akwai Baba Tsohon Ɗalibi, wanda ya ga wancan zamani da idonsa. Sai an ba shi abin magana. Zai ba da labarin tikitin cin abinci, da shayi mai kauri, da kazar ranar Lahadi, har ya kwatanta girman cinyar da hannu. Yara na tsaye da roba, suna haɗiyar yawu, suna cewa "Allah Sarki, Baba," a zuci kuwa suna roƙon Allah ya sa batirin lasifikar ya mutu.

Na ajiye Mai Karɓa wa Aboki a nan da gangan. Kowa ya san shi: "A ba ni biyu, ɗaya na abokina ne, yana kwance ba lafiya." Wannan aboki tun zangon farko yake kwance, bai warke ba, bai mutu ba, kuma cinsa bai ragu ba. 'Yan kwamiti har sun daina gardama, sai dai su ce a gaishe da mai jiki. Sai dai ba duka ne ƙarya ba. A kowane hostel akwai wanda ko za a yanka shi ba zai tsaya a layi ba. Ɗan gidan mutunci ne da aka turo da kuɗin rajista bayan an sayar da akuya, ko yarinyar da ke azumin nafila Litinin da Alhamis, kwanan nan kuma ta ƙara da Talata da Laraba ba tare da wani malami ya ce ta yi ba. In ka ce ta zo ku ci, sai ta ce "Alhamdu lillahi, yanzu na tashi." Irin waɗannan ba a ba su, sai dai a roƙe su. 'Yar ɗakinsu za ta shigo da roba ta dire tana tsaki: "Ke, sun cika min, don Allah taya ni kada ya lalace." Masu shirya rabo da suka san aiki sun gane haka, shi ya sa wasu ke kawar da kai in an ce ta aboki ce, ko su aika kula guda cikin hostel bayan isha'i ba tare da takardar rubuta suna ba.

Can wajen ƙarshe, an fara kankare tukunya, sai ga wani ya doso a natse, da tabarau da tarin takardun jarrabawa a hammata. Ɗalibai su dare, "Sannu da zuwa, Malam." Ƙaramin malami ne, cikin waɗanda suka yi yajin aikin wata takwas a 2022 aka riƙe musu albashi. Ya ce ya zo ne ya duba yadda abin ke tafiya. Ya duba tsafta, ya duba tsari, ya yaba wa kwamiti, ya ce bari ya ɗanɗana don ya san abin da zai rubuta a rahoto. Aka zuba masa. Ya ce a rufe, a ofis zai ɗanɗana. Har ya juya sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya rage murya.

"Af, na manta. Akwai abokin aikina, yana kwance ba lafiya."