Daga Idu zuwa Utako da Ummi a kafaɗa

Jirgin ƙasa ya ɗauko mu daga Rigasa a Kaduna ya sauke mu a Idu a Abuja, kilomita 186, ko gajiya ban ji ba. 'Yar tafiyar da ta rage, daga bakin tasha zuwa ofishin da na yi cinikin motar haya a Utako, ita ce ta nemi ganin bayana. Daga ni sai Ummi, mai shekara biyu da wata huɗu, sai akwati, da jakar pampas, da atamfa turmi biyu da aka ce in kai wa uwarta a Keffi, inda ta riga mu tafiya bikin ƙanwarta. Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, shi ya sa ko tsawa ba na iya yi mata da gaba gaɗi. Ta kuwa san da haka.

Tun 2016 da aka buɗe layin nan nake hawansa, amma sai ranar na san irin mutanen da ke cikinsa. Mai tafiya hannu rabbana ba ya ganin kowa.

Akwai masu miƙewa tun daga Kubwa. Jirgi na barin tashar sun sauko da akwatuna sun toshe tsakiyar tarago, kamar an ce wanda ya riga sauka shi za a mallaka wa Abuja. Haka za su tsaya ƙiƙam har Idu, jakar wani tana shafar kan 'yarka. Akwai ɗan dako, wanda ba ya tambaya: ya sure akwatinka ya aza a ka ya kama gabansa. Sai ka zaɓa, ko ka bi akwati ko ka bi yarinya, don ita ta hango tantabara ta nufi wancan gefen.

Amma gwanata ita ce Hajiya mai shawara. Kowane tarago da tasa, tawa dai ta same ni ne a bakin ƙofar fita. Dattijuwa ce mai cikar kamala, farin gilashi, haƙorin Makka, ƙamshin turaren wuta yana riga ta isowa. Ba ta gaishe ni ba, Ummi ta gaisar.

"Ke 'yan mata, ina uwarki ta shiga ta bar ki da wannan?"

Ni ne "wannan". Na rusuna na ce, "Hajiya, ina wuni? Ta riga mu tafiya biki ne."

"Biki! To yaro, haka ake ɗaukar ɗiya? Kamar buhun masara? Juyo da ita. Ina hularta? Iskar nan ba ka ji? Me ta ci tun safe?"

Na ce biskit da madara. Ta yi salati mai tsawo, har wani soja ya waiwayo. Nan take aka kafa kotu, ita ce alƙali, ita ce mai gabatar da ƙara. Ta leƙa bakin yarinya ta yanke hukuncin haƙori ne ke damun ta. Ta taɓa wuyanta ta ce shawara na neman kama ta. Ta ba ni labarin 'ya'yanta tara da jikoki ashirin da wani abu, babu wanda ya taɓa fita ba hula, ga su nan yau ɗaya likita ne a Ingila. Ban gane ko hular ce ta kai shi ba, ban kuma tambaya ba. Kafin in ankara ta zare mayafi na biyu daga jaka, wai in goya. Ni, da babbar riga, a gaban jama'ar Abuja! Da na noƙe sai ta ce girman kan mazan yanzu ne ya hana 'ya'ya ƙiba. Ta karɓi Ummi ta saɓa a baya, ta yi jijjiga biyu, yarinyar da ta hana tarago sakat tun daga Jere ta yi luf kamar an ɗauke wuta. Abin da ya fi ba ni haushi da Hajiya ke nan: rabin abin da take faɗa gaskiya ne. Ba ta rabu da ni ba sai da ta nemi lambar uwar yarinya, "don in yi mata faɗa." Na ba ta tawa. Har yau saƙon murya nake samu a WhatsApp kan amfanin kunun gyaɗa.

A waje kuma ga 'yan tasi. Idu bayan gari take, cikin unguwar masana'antu, sun kuma san ba ka da yadda za ka yi. Mai wayon cikinsu ba ya kallon fuskarka. Yana duban yarinya, ya dubi rana, ya dubi akwati, sannan ya faɗi kuɗin shata. Idan ta fara kuka sai farashi ya ƙaru. Na ce bari in kira na waya. Direban manhaja ya amsa, ya tambayi inda zan je, ya tambayi tsabar kuɗi ne ko tiransifa, ya ce ga shi nan tafe. Ina kallon 'yar motarsa a taswira tana juyi a Life Camp kamar kazar da za ta yi ƙwai, can sai ta ɓace. Wani bawan Allah ya ce me zai hana in hau jirgin cikin gari da ke tsayawa nan Idu. Da na tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa, sai ya ce shi ma bai taɓa hawa ba. Na koma wurin mai duban rana, na biya abin da ya ce da farko har da ɗoriya.

Sai mai kwatance. Ofishin yana cikin wata filaza, Utako kuwa filaza ce ta haifi filaza. Duk wanda ka tambaya zai ce "nan ne kusa." Kusan mutumin Abuja na mai mota ne, bai taɓa auna shi da kilo goma sha biyu na yarinya mai barci a kafaɗa ba. Mai gadi ya tura ni hawa na uku. Mai sayar da kati a hawa na uku ya ce sun tashi tun bara, suna ginin baya. A tsakanin nan takalmin Ummi ƙafa ɗaya ya yi nasa wuri.

Duk waɗannan na yafe musu, wasu ma ina tuna su ina dariya. Wanda ban yafe wa ba shi ne na bayan kanta.

Kwana uku kafin tafiya na yi waya, na ce ina son mota da direba, da kujerar yara a baya. Aka ce babu damuwa. Na maimaita, aka ce an rubuta. Da na iso, saurayin nan mai ɗamammiyar riga ya fito da takardu shafi huɗu. Ya karɓi katin shaidata ya yi hoto. Ya karɓi kuɗin ajiya saboda ko da za a yi wa mota lahani. Ya zagaya da ni jikin motar yana nuna min kowane ƙwarzane da biro, yana ɗauka a waya, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamba. Ya sanar da ni akwai na'urar da ke nuna musu duk inda motar ta shiga. Na ce madalla, ina kujerar?

Ya yi 'yar dariya, ya dubi direba, direba ya taya shi.

"Haba Alhaji, wannan ai na Turawa ne. Ka ɗora ta a cinya ku zauna gaba, ta sha iska. Mu duk a cinya muka girma. Allah ne mai tsarewa."

Tabbas Allah ne mai tsarewa. Amma fentin motarsa bai bar wa Allah ba, sai da ya sa ni sa hannu a wuri uku. Tayar safaya ma an rubuta lambarta. Ran yarinya ne kawai aka ga ya dace a yi tawakkali da shi. Hanyar da za mu bi ita ce ta Nyanya da Mararaba, inda tirela da bas ke rige-rige, kuma babu hannun uban da ke iya riƙe yaro idan mota ta yi karo tana cikin gudu. Tun 2003 hukumar kiyaye haɗura ke tilasta ɗaura bel, ta kuma sha nanata cewa yaron da bai kai shekara 12 ba baya ne wurinsa. Shi da ke sana'ar mota ya fi ni sani. Waɗanda suka girma a cinya su ne ke da bakin ba da labari, sauran ba a jin ta bakinsu. Abin da ya fi ci min rai shi ne dariyar, yadda ya mai da ni ɗan ƙarya don na nemi abin da aka yi min alkawari.

Na ce a ba ni kuɗina. Jin haka sai aka tuna akwai wata kujera a sito. Aka fito da ita duk ƙura, da busasshen cingam a gefe. Babu wanda ya iya ɗaura ta, ni ma da nake ta ɗaga murya ban iya ba, sai da muka duba bidiyo a waya mu uku, kai a haɗe. Ummi ta shiga ta ƙwalla ihu tun daga Utako har muka wuce Masaka. Direba bai ce uffan ba, ta madubi kawai yake kallona.

Ranar komawa Kaduna uwarta na riƙe da ita, ni kuma ina tafe wasai kamar ango. A bakin tasha na hangi wani matashi da jariri a kafaɗa, ga jaka, ga leda, yana gumi. Kan yaron ko hula babu. Na yi niyyar wucewa, wallahi na yi niyya. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Malam, sannu da ƙoƙari. Ina uwarsa?"