Ranar da Ogzilari Ta Tona Mini Asiri

Da na sayi tsohuwar a-kori-kurar nan, 'yar Japan ƙirar 1988, dillalin ya dafa wani ɗan guntun giya da ke gefen babban ya ce, "Alhaji, wannan ita ce ogzilari, mutanen Nijar su ce kat-kat. Ka saka ta, ko kogi ka haye." Na gyaɗa kai kamar wanda aka haifa a gareji. Tambaya ɗaya ban yi ba, don kada dillali ya raina ni.

Cikin watan Agusta, marka ta zauna, na ɗauki uwargida da buhun shinkafa biyu za mu gaida surukaina a wani ƙauye da ke fadamar Haɗeja, bayan Kirikasamma. Na ci farar shadda, na karya hula. Da muka sauka daga kwalta, uwargida ta ce mu bar motar mu hau amalanke. Na yi dariyar manya na ce, "Hajiya, wannan motar ƙafa huɗu take ja."

Muna hango rumbunan garin sai motar ta kafe a cikin baƙin taɓo. Na taka totur, tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna haƙa mana kabari. Na ce to, ogzilari, yau ranarki ce. Na damƙi ɗan guntun giyan, na ga an rubuta H2, H4, N da L4. Na finciko shi ya tsaya a N, inji ya yi kururuwa, amma ko taya ɗaya ba ta motsa ba. Ashe nan ne wurin da ake raba inji da tayoyi gaba ɗaya. Na tura L4 ban taka kuloci ba, giya ta yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Awaki suka watse, yara suka taru.

Da kyar ta shiga. Na sake ba ta wuta. Tayoyin baya na feshin laka, na gaba kuwa sun yi tsaye kamar 'yan kallo. Na fito in duba, takalmina ya zauna a taɓo, na ci gaba da ƙafa ɗaya. Nan ƙanen uwargida ya iso yana tafi: "Mijin yaya, wanka kake yi ko noma?" Can baya kuma ga Baba, surukina, tsaye da carbi. Durƙuson gaisuwar da na yi a cikin caɓin nan shi ya ƙarasa shaddar.

Ana shawarar a kawo shanun huɗa, sai wani yaron mota da bai wuce shekara 15 ba ya ce, "Yallaɓai, ka kulle ƙafafun gaba kuwa?" Na ce wace ƙofa ce da su? Ya tsuguna, ya share laka daga cibiyar tayar da bakin rigarsa, sai ga wani ɗan maɓalli mai rubutu biyu, FREE da LOCK. Ya murɗa shi, ya zagaya ɗaya gefen ya murɗa. Ya ce a irin waɗannan tsofaffin motoci, giya farfela kawai take juyawa; in ba a kulle cibiyar da hannu ba, tayar gaba ba ta san ana yi ba. Na shiga, na saki kuloci a hankali, motar ta fito salin-alin kamar ba ita ba. Baba bai ce komai ba sai, "Matambayi ba ya ɓata, malam."

Da yamma na hau kwalta ban cire ogzilarin ba. Sitiyari ya yi tauri, tayoyi na kuka a kowace kwana, ɗan guntun giyan kuma ya ƙi fita ko da na haɗa da hannu biyu. Wani bakanike a Haɗeja ya ce in yi ribas kaɗan, ƙarafan su saki. Na yi, ya fita da yatsa biyu. Ya karɓi kuɗin aikinsa bai taɓa sifana ba.

Yau shekara biyu ke nan, amma a garin surukaina ba mai kira na da sunana. Ko Baba, in ya aiko gaisuwa, cewa yake a gaida Alhaji Ogzilari.