Bakano, Ina Sanyin Da Na Saya?

Alhaji bawana na Sabon Gari, ina gajiya, ina fama da ƙirga kuɗin mutane? Na so mu kashe maganar nan tsakaninmu, to amma wayarka ta koyi gane lambar wanda ya riga ya biya. Shi ya sa na biyo ka ta jarida, inda ba ka da damar cewa ba sabis.

Kafin in shigar da ƙara, bari in tuna maka tarihin da ba ku son ji. A rabon aikin Hausa Bakwai, kamar yadda kakanni suka faɗa, Katsina da Daura aka ba sarautar kasuwa. Ku da Rano baba aka ba ku, wato rini, ga marinar Ƙofar Mata nan tana ba da shaida. Saye da sayarwa daga baya kuka tsince shi, bayan Muhammadu Rumfa ya kafa muku Kurmi a ƙarni na 15, kuma har yau hannun marini bai sake ku ba: a tsoma abu, a buge shi ya yi sheƙi, a miƙa wa mai tsautsayi. Na san za ka ce mu me aka ba mu. Sarautar bayi aka ba Zazzau, shi ya sa har gobe ban fasa bibiyar lamarinka ba.

Hajiya uwar ɗakinka ce ta kwashi adashi gab da azumi, ta ce firiza take so, ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Na ce ga shaguna nan a PZ, a garinmu, ta ce ina, Kano ta fi araha, kuma ai muna da bawa a can. Muka kamo hanya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Kura, har ƙofar shagonka. Kai ba ka nan. Yaranka muka tarar, ɗaya ya kifa kai a waya yana dariya shi kaɗai, ɗaya yana cin gurasa. Muka yi sallama, mai gurasar ya amsa da hanci. Kafin ya faɗi kuɗin firizar sai da ya dubi takalmina, ya dubi mayafin Hajiya, sannan ya dubi sama kamar a can aka rubuta farashin.

Tambayoyin da muka yi ba na jarrabawar jami'a ba ne. Lita nawa take ci? "Babba ce, Alhaji." Wat nawa take ja, ƙaramin janaretanmu zai ɗauke ta? "Ai wannan ba ta shan wuta." In an ɗauke wuta, har yaushe take riƙe sanyi? Mai wayar ya ce kwana uku, ba tare da ya ɗago ba, mai gurasar ya ce sati. Alhali duk firizar kirki akwai 'yar takarda manne a bayanta, an rubuta girmanta da ƙarfin wutar da take ja da irin gas ɗin da ke cikinta. Juya ta kawai za a yi a karanta. Da na ce a buɗe kwalin in gani, sai aka sanar da ni dokar shago, wai in an yanka kwali an saya. To ni Bazazzagi, da aka raine ni a zauren karatu, yaya zan sayi abin da ban gani ba? Hajiya ta harare ni, na yi shiru.

Gwajin da aka yi mana kuwa ya cancanci a sa shi a wasan kwaikwayo. An jona ta, 'yar fitila ta kawo kore, yaron ya kama hannuna ya ɗora a gefenta. "Ka ji ɗumi? To tana aiki." Na zo sayen sanyi, an gwada mini ɗumi, an cire waya.

Amma kada in ci haƙƙinku, akwai lokacin da aka karrama mu. POS ta ƙi, muka yi tiransifa, alat ya maƙale a hanya. Nan take aka jawo mana kujera, aka kawo ruwan leda mai sanyi, aka tambayi Hajiya yara, har mai wayar ya ajiye wayarsa ya koma bakin ƙofa ya tsaya, don kada iska ta shigo ta dame mu, ko kuma kada mu fita. Wayar shago na yin ƙara, kujerar ma aka ce ana bukatarta.

Daga nan ne fa laifinku na gaske ya fara, don cinikin kayan wuta ba ya ƙarewa a wurin biya. 'Yan dako suka kwantar da firizar a gefenta cikin a-kori-kura, yaranka suna kallo. Babu wanda ya ce mana in an kwantar da ita, man da ke cikin kwamfireso yana gangarawa cikin bututun gas, don haka sai an tsayar da ita ta huta sa'o'i kafin a jona. Babu wanda ya ambaci sitabilaiza, alhali kowa ya san wutar da aka ce bolt 230 ce, da magariba sai ta koma ba ta iya juya fanka, kuma irin wannan wutar ce ajalin kwamfireso. Katin garanti yana cikin kwali fari fat, ba hatimi, ba kwanan wata. A rasit kuwa an rubuta "firiza 1", ba lambar inji, sai wani layi da Turanci a ƙasa, mai ƙananan baƙaƙe, da ke cewa abin da ya fita ba ya dawowa. Wannan layin kaɗai ne aka buga da kyau a duk takardar.

Azumi bai raba ba ta fara gurnani, ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake. Zoɓon Hajiya ya yi tsami, masu sayen ƙanƙara suka koma maƙwabta. Na kira shago, aka ce Oga ya tafi Alaba sarin kaya. Na sake kira, aka ce wutar Zariya ce ba ta da kyau, sai ka ce taku daga Makka ake jawo ta, ba layin ƙasa ɗaya muke sha ba, wanda in ya faɗi mu kwana a duhu tare. Aka tura ni wurin gyaran kamfani, can suka ce ina hatimin dila? Na dawo shago, hatimi yana cikin durowa, makulli yana aljihun Oga, Oga ya tafi Umara. Allah Ya karɓi ibada, Alhaji. Ina fata ka tuna da zoɓon mutane a wurin ɗawafi.

Na san abin da za ka kare kanka da shi, kuma ba duka ne ƙarya ba. Tun da aka saki naira a 2023 farashi ya daina kwana inda ya yini, kuma akwai masu ƙona kaya da janareta su dawo suna rantsuwa haka suka same shi. To amma gaya wa mutum ya bar firiza ta huta, nawa ne kuɗinsa a dala? Buga hatimi fa?

Layin nan na ƙasan rasit da kuke taƙama da shi, ka sani ko a gaban hukuma ba shi da ƙafa. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka same shi da aibi, a gyara, ko a canza, ko a biya shi. In kuma ka ce wannan dokar 'yan boko ce, zo Unguwar Juma mu buɗe maka babin ciniki a Risala, mu nuna maka hukuncin wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi. Tun kafin a ƙera firji malamanmu suke karantar da shi. Ba zan ma tayar da maganar 'yan Baljiyam ɗin da kuka jera a bayan layi ba, waɗanda tsofaffin firji da firiza irinsu suna cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su. Tsakanin ubangida da bawansa akwai rufin asiri.

Ga abin da na yanke. Kuɗin sharar da ka saba zuwa karɓa ranar cika-ciki, bana ka ɗauka ka sha zoɓo da su, mai tsamin. Ranar Asabar kuma ina tafe da firizar, a tsaye wannan karon, tare da Hajiya da duk matan da suke zubin adashin nan, don su ma sun ce suna son ganin Bakanon da ya cinye kwasar farko. Za su shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonka, duk wanda ya zo taya kaya su ba shi labari daga farko. Ka tanadi hatimi da injiniya, ka kuma aika Jakara a kawo gurasa mai yawa, don na gaya musu kai ne mai masauki, kuma ba su da niyyar tashi kafin ruwa ya daskare.