Kwaɗon Ɗanyen Ganye a Abuja: Yadda Ake Yinsa da Yadda Yake Ƙin Yiwuwa

Kwaɗon ɗanyen ganye abinci ne da ake haɗawa da kabeji ko latas ko lansir, a yanka tumatir da albasa da kokwamba, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a ɗiga mai da lemun tsami, a ci ba tare da ya ga wuta ba. Ya bambanta da kwaɗon zogale da na rama da na tafasa, waɗanda sai an dafa ganyen an matse. A ƙasar Hausa an daɗe ana cinsa don marmari, musamman da sanyi, lokacin da kayan lambu ke araha. A Abuja kuwa ba kasafai kwaɗayi ke kai mutum gare shi ba, takardar gwajin jini ce ke kai shi. Babban mai cinikinsa shi ne ma'aikacin da ke zama a mota daga Kubwa ko Nyanya zuwa ofis, ya wuni zaune a kujera, ya dawo ya zauna gaban malmalar tuwo uku. Mai wannan rubutu yana cikin wannan rukuni, kuma da shi za a riƙa kafa misali a duk inda ake buƙatar nuna yadda ba a yi.

Dalilin cinsa

Shinkafa da tuwo da burodi da doya duk sitaci ne, jiki yana narka su ya mayar da su sukari a jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da sukarin cikin tsoka, idan ya yi kaɗan ko jiki ya daina sauraronsa sai sukari ya taru. Wanda ya kwana bai ci komai ba na awa takwas aka auna shi, idan sukarinsa ya kai 126 a ma'aunin mg/dL kuma aka maimaita aka sake samun haka, yana da ciwon sukari. Daga 100 zuwa 125 yana bakin gaɓa. A wannan gaɓar likita ya tarar da mai wannan rubutu, ya dubi takarda, ya dubi tumbi, ya ce, "Malam, da me kake karyawa?" Amsar ta ɗauki lokaci fiye da gwajin.

Amfanin ganye shi ne sitacinsa kaɗan ne, ga ruwa, ga zare-zaren da hanji ba ya iya narkarwa. Waɗannan suna cika ciki, suna kuma rage saurin da sukari ke shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum. Masana abinci suna koya wa masu sukari raba faranti: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama, ragowar kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. Binciken da aka yi a Japan da Amurka ya nuna cewa idan aka fara cin ganye kafin sitaci, sukari ba ya yin tashin da yake yi idan sitacin aka fara ci.

Cefane

Kabeji da karas da kokwamban da ake ci a Abuja yawancinsu daga Filato ake kawo su, tumatir da albasa kuma daga sauran jihohin Arewa. Mai sayen kaɗan yana zuwa kasuwar Wuse ko Garki ko Utako. Mai neman sauƙi yana zuwa Gosa, a hanyar filin jirgi, ranar Juma'a. Masu sari suna zuwa Dei-Dei da Zuba da kasuwar Orange da ke Mararraba. Akwai kuma manyan kantuna masu sanyi a Maitama da Wuse II, inda ake naɗe ganye guda shida a leda a rubuta masa suna da harshen waje, mai saye ya biya kuɗin ganyen da na sunan.

Ƙa'idar cefanen ɗanyen ganye ita ce a sayi na kwana biyu ko uku, domin latas ba ya jiran kowa. Mai wannan rubutu ya yi lissafin ofis, ya gano cewa sari ya fi araha, ya nufi Mararraba da asuba. Da mai kabeji ya ga ana tayin buhu guda sai ya ce, "Alhaji, gidan biki ne?" Aka ce masa a'a, na neman lafiya ne. Ya ce, "To Allah ya ba da lafiya, amma wannan ya ishi asibiti." Firji ya ɗauki ƙulli huɗu, sauran aka jingine a bayan ƙofar kicin. Wuta ta ɗauke a daren, ba ta dawo ba sai da ta ga dama. Kafin ƙarshen mako maƙwabta sun fara tambayar ko wani abu ya mutu a silin.

Wankewa

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, domin abin da wuta za ta kashe a dafaffen abinci, a ɗanye yana nan da ransa. Ana noman ganye da takin dabba, ana yi masa ban-ruwa da ruwan da ya samu, ana yayyafa masa wani a kasuwa don ya yi sheƙi. Ta nan taifod da kwalara da tsutsar ciki ke samun hanya. Sai a wanke hannu da sabulu, a cire ganyen waje, a ɓare sauran ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwan da mutum zai yarda ya sha. Jiƙawa na ɗan lokaci a ruwan gishiri ko na kal yana taimakawa wajen fitar da ƙasa da ƙwari, sannan a ɗauraye. A wanke kafin a yanka, kuma wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama kada ta taɓa ganye.

Ana yin kuskure ta gefe biyu. Na farko shi ne a dubi latas a ga yana ƙyalli a ce ai da tsabtarsa. Mai wannan rubutu ya bi wannan mazhaba, ya kuma koyi hanyar banɗaki cikin duhu ba tare da fitila ba. Sukarinsa ya sauka ƙwarai a makon, tunda ba abin da ke zama a cikinsa, amma likita ya ƙi rubuta hakan a matsayin nasara. Na biyu shi ne wuce gona da iri bayan an sha wuya: a zuba gishiri gwangwani guda, a jiƙa ganye tun hantsi har azahar. Abin da ke fitowa ya yi laushi, ya yi baƙi, ga gishirin da ya wuce giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba a rana. Masu sukari da yawa suna da hawan jini, don haka garin neman gira ne a rasa ido.

Abin da ba a ci ɗanye

Ba kowane tsiro ne ke shiga kwaɗo ba. Rogo mai ɗaci yana da guba sai an jiƙa an sarrafa, gwaza ɗanye yana sa ƙaiƙayin maƙogwaro, wake ɗanye yana ɓata ciki. Akwai kuma imanin da ya yaɗu a majalisu da motocin haya cewa duk abu mai ɗaci maganin sukari ne, wai ɗaci yana kashe zaƙi a cikin jini. Ɗaci a harshe yake tsayawa, jini ba shi da harshe. Bisa fatawar wani abokin aiki, mai wannan rubutu ya haɗa shuwakar da ba a wanke ba da gauta da garafuni a kwano ɗaya. Ya kai loma ta farko gaban iyalinsa, ya tauna da jarumta, ido ya kawo ruwa. Autarsa ta dube shi ta ce, "Abba, wa ya rasu?"

Haɗi

Na mutum ɗaya: kabeji ko latas yankakke cikin tafi biyu, tumatir biyu, kokwamba ɗaya, rabin albasa, garin ƙuli cokali biyu, man gyaɗa cokali ɗaya, rabin lemun tsami, ɗan barkono, gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka. A yanka kabeji siriri, a zuba kayan haɗi daf da ci, a cakuɗa da hannu mai tsabta. Ƙuli da mai ba ƙawa ba ne, su ne ke sa kwaɗo ya riƙe ciki. Sai dai a ɗanɗana ƙulin kafin a saya, domin akwai wanda ake sa wa sukari. Ana iya sauya shi da soyayyen riɗi ko piya. Mafi sauƙi duka shi ne yalo da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai yaji, yadda Inyamurai ke tarbar baƙo da shi, wanda ba ya buƙatar wuƙa ma.

Babban abokin gabar wannan haɗi shi ne salak ɗin biki, wanda ake shimfiɗa wa makaroni da dankali da masara mai zaƙi da waken gwangwani, a rufe da kirim har ganyen ya ɓace. Ganye a cikinsa shaida ne kawai. Yana shiga gida ta hanyar tausayi. Uwargida ta ga maigida yana tauna kabeji yana kallon bango, zuciyarta ta karye, washegari ta ajiye masa faranti ta ce, "Malam, na ɗan gyara maka shi." An gyara shi har da madarar gwangwani. Maigida ya cinye, ya yi godiya, ya nemi ƙari. Shi kansa daga baya ya ƙirƙiro nasa gyaran, wato zuba garin kwaki kofi guda don kwaɗon ya yi nauyi, alhali garin kwaki sitaci ne tsantsa, irin wanda ake gudu.

Lokacin ci da yawansa

Ana cin kwaɗo kafin babban abinci, sannan a rage babban abincin. Sashe na biyu na wannan jumla shi ne wanda aka fi mantawa. Wanda ya ci kwaɗo, ya bi da malmala ukun da ya saba, ya kora da lemon kwalba don saka wa kansa da alheri, bai rage komai ba, ƙarin kwano ɗaya ya yi.

Ana kuma farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa. Kabeji da albasa suna ɗauke da abubuwan da ƙwayoyin hanji ke rugurguzawa su fitar da iska, cikin da bai saba ba kuwa yana sanar da jama'a halin da yake ciki. Mai wannan rubutu ya tashi daga babu zuwa rabin ƙulli a zama ɗaya, ranar da ke da taron ofis. Ya sabunta alwala har mai gadin masallaci ya fara yi masa kallon mai waswasi. A motar haya ta komawa gida, mutum huɗu a baya, wata baiwar Allah ta roƙi direba ya sauke gilashi duk da ana ruwan sama. Ba wanda ya ambaci sunan kowa.

Mai tafiya da kwaɗo wurin aiki ya zuba ganye daban, ƙuli da mai da gishiri daban. Gishiri yana jan ruwan ganye, ruwan kuma yana da basirar gano inda murfi bai kama ba da inda takarda mafi muhimmanci take a jaka. Yankakken ganye kada ya wuce awa biyu a wajen firji, balle a zafin Abuja na watan Maris.

Baƙi

Ba a tarbar baƙon Bahaushe da ɗanyen ganye ba tare da bayani ba. Wani kawu da ya zo daga Malumfashi ganin likitan ido ya sauka a gidan mai wannan rubutu, aka fara kawo masa kwaɗo yadda ilimi ya tanada. Ya leƙa kwanon, ya leƙa bayan mai kawowa ko da wani abu na tafe, sannan ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, ka faɗa mini gaskiya, aikin ne suka sallame ka?" Duk bayanin zare-zare da insulin bai shige shi ba. Da ya koma gida ya aiko da buhun masara da saƙon cewa a yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa. Hanyar da ta fi ita ce a kawo kwaɗo da tuwo tare, a bar baƙo da zaɓinsa.

Iyakarsa

Kwaɗo ba magani ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan metformin ko allurar insulin kada ya ajiye don ya fara cin latas. Mai shan magani da ya rage abinci sosai kuma sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a nan kam abu mai zaƙi ake ba shi nan take. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita kafin su yawaita ganye. Ana haɗa cin ganye da motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako, kuma bakin tafkin Jabi da filin Millennium sun dace da tattaki, muddin mutum bai ƙare tattakin a gaban mai masa ba.

Hanyar sanin ko ana cin nasara ita ce awo: da safe kafin a karya, da kuma awa biyu bayan cin abinci. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku da suka wuce. Wannan gwaji ba ya ruɗuwa da kwaɗon da aka ci daren jajiberin zuwa asibiti, kuma duk bikin da aka halarta a tsakani yana cikin lissafinsa.